Gidan Kakanmu na Marjan Dafak: Abin da Muka Rushe da Abin da Muka Bari

 

A wani dare cikin watan Agustan 2022, ana tsaka da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon gabas na ɗakin mahaifiyarmu ya zube gaba ɗaya a kan gadonta. Abin da Allah Ya sa ya raba ta da wannan bango shi ne yoyo: ta tashi ta kai roba ɗakin jikokinta inda rufi yake zuba, tana can tana janye musu shimfiɗa sai ta ji rugugi a bayanta. Da gari ya waye na zo daga gidan da nake haya a Digel, na tsaya ina kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan matashin kanta, gwiwoyina suka nemi su kasa ɗaukata. Na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari domin na san gidaje irin namu suna da yawa a tsoffin unguwannin Njamena, a Marjan Dafak da Ambasatna da Bololo da Jambal Bahar, kuma na san gardamar da ta kusa raba kanmu tana nan kwance a cikin kowannensu, damina kawai take jira.

Kakanmu mutumin ƙasar Katsina ne. Ya taso a ƙafa da niyyar sauke farali cikin shekarun 1940, ya bi hanyar da dubban Hausawa suka bi kafinsa: Maiduguri, Fort-Lamy, Abeshe, Jinaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya. Shi dai guzurinsa a Fort-Lamy ya ƙare. Garin kuwa a lokacin bai cika shekara hamsin da kafuwa ba, domin Faransawa sun kafa shi ne a 1900 bayan yaƙin Kusuri, inda Rabe da kwamanda Lamy suka mutu rana ɗaya, kuma sai a 1973 aka canza masa suna zuwa Njamena. Kaka ya kama sana'ar dukanci da niyyar ya tara kuɗin hanya, sai aure ya zo, sai haihuwa ta biyo baya, sai ya sami fili ya kafa gida. Hajjin da ya fito dominsa bai same shi ba sai da furfura ta cika kansa, ya tafi a jirgin sama.

Gidan da ya gina irin na garinsu ne. Zaure a bakin hanya, shigifa a bayansa, sannan tsakar gida mai faɗi da ɗakuna biyar kewaye da ita, da rijiya, da darbejiya, da madafa a kusurwa, da salga can ƙurya. Bangon na ƙasa ne, kaurinsa ya kai kamu guda, rufin kuwa soro ne a kan azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓe, maza su hau su yi yaɓe, a gyara indararo, mata su dafa abincin masu aiki. A 1980, lokacin da aka yi wata tara ana ɓarin wuta a cikin birni daga Maris zuwa Disamba, muka tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kusuri, ina ɗan shekara takwas. Da muka dawo mun tarar an kwashe ƙyamare da tagogi, ga ramukan harsashi a jikin zaure, amma ko bango ɗaya bai faɗi ba. Saboda haka da na tsaya a kan ɓaraguzan ɗakin Inna, tambayar da ta dame ni ita ce: me ya kayar da bangon da yaƙi bai kayar ba?

Amsar ba ta yi mini daɗi ba, domin da hannuna a ciki. A 2012, shekarar da aka buɗe masana'antar siminti ta Baware kusa da Pala, kowa yana zancen siminti zai wadata, ni kuma albashina ya ɗan ƙaru, sai na ce wa mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa: "Baba, wannan wahalar yaɓe ta kowace shekara ta isa haka, bari in shafe muku bangon da siminti a huta." Ya yi shiru, can ya ce: "To, ƙasa dai tana son ta sha iska, amma ku ne 'yan boko." Na shafe bangon ciki da waje, na sa aka yi fenti, gida ya yi fes, maƙwabta suka yi ta sa albarka.

Abin da ban sani ba, wanda wani tsohon magini ɗan Kotoko ya fahimtar da ni bayan shekara goma, shi ne bangon ƙasa yana tsotsar laima daga gindinsa kamar yadda lagwani yake tsotsar kananzir, kuma idan jikinsa a buɗe yake sai rana da iska su busar da ita. Da na rufe shi da siminti gaba da baya sai laimar ta rasa mafita, ta zauna a ciki tana narkar da ƙasar a hankali, alhali daga waje fenti yana ƙyalli. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa sauran bangunan a gabana, sai na ji suna amsawa kamar ganga: shafen ya rabu da ƙasar tuntuni. Ƙari a kan haka, tun da kuɗin man fetur suka fara shigowa a 2003 aka yi ta gyaran hanyoyi da ciko a cikin birni, kowane maƙwabci kuma yana zuba ƙasa a ƙofar gidansa, har hanya ta fi tsakar gidanmu tudu. Njamena gari ne shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa yumɓu ce mai riƙe ruwa, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma ruwan shekara, wanda bai cika wuce milimita 600 ba, galibinsa a Yuli da Agusta yake zuba. Gidan da a da yake tura ruwa waje sai ya koma kwano, ruwan hanya yana shigowa ta zaure ya kwanta a gindin bango. Tsufan gidan bai kai waɗannan abubuwa biyu laifi ba.

Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar Inna da mu bakwai, maza huɗu mata uku, kuma ba a raba gado ba, saboda kowa yana jin nauyin ya fara ɗaga maganar. Faɗuwar bangon ce ta tilasta mana zama. Babban wanmu, wanda yake da shago a babbar kasuwa, ya ce a rushe komai a tayar da bene hawa biyu, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, a kama wa Inna gida a bayan gari. Ƙaraminmu, wanda yake neman jari, ya ce a sayar kawai, tunda fili a tsakiyar birni ya yi daraja, kowa ya kama rabonsa. Ni na ce a gyara. 'Yan'uwanmu mata suka yi shiru, sai ƙanwata da mijinta ya rasu, wadda take zaune a gidan da marayu uku, na ga tana share hawaye da bakin mayafi. Murya ta fara tashi, har Yaya ya ce mini: "Kai da ka lalata bangon da simintinka, kai ne za ka koya mana gyara?" Na haɗiye, domin gaskiya ya faɗa.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kasancewarsa ɗan fari. Ta dubi ƙasa ta ce: "Ku gaya wa wancan, daga wannan gida aka fitar da uban mijina, daga nan aka fitar da mijina, ni ma ta wannan zauren nake so a fitar da ni. Bayan haka ku yi abin da kuka ga dama." Aka watse ba a cimma komai ba, kuma wata biyu ni da Yaya gaisuwa kawai take haɗa mu.

A watan Oktoba na wannan shekara kogin Shari da na Logon suka cika suka batse, ruwa ya haura mita takwas, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, unguwannin Waliya da Tukra suka nutse. Ɗan kawunmu da yake Waliya ya iso da matarsa da 'ya'ya biyar da 'yan ƙullin kayansu a kan amalanke. Ba wanda ya tambayi inda za su, domin kowa ya san gidan Kaka za su zo. Maza suka kwana a zaure da shigifa, mata suka shiga ciki, suka yi kusan wata uku. Wata rana da magariba na tarar da Yaya zaune a dakalin ƙofar gida yana kallon yaran suna cin tuwo a zaure. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba: "Da bene ne da 'yan haya, ina za mu sa su?" Daga ranar magana ta fara komawa hanya.

Muka je wurin limamin unguwa domin a raba gado kafin a taɓa ko tubali ɗaya, kuma wannan ita ce shawara ta farko da zan bai wa duk mai irin halinmu. Malam ya yi lissafi: matar mamaci tana da tumuni, sauran kuma a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan an kasa dukiyar kashi 88, Inna tana da 11, kowane namiji 14, kowace mace 7. Har mun fara tattara takardu sai ya tambaya: "Wannan gida, mahaifinku ne ya saya ko gadonsa ya yi?" Muka ce gado ne. Ya ce: "Shi kaɗai mahaifinsa ya bari?" Sai jikinmu ya yi sanyi. Kaka ya rasu a 1976, bayan matarsa, ya bar Baba da ƙanwarsa guda, Gwaggonmu da take aure a Abeshe. Sulusin gidan nata ne, shekara arba'in da shida ba ta taɓa buɗe baki ba, mu kuma har muna gardamar rushewa da sayarwa ba wanda ya tuna da ita. Da mun sayar, da mun ci haƙƙin tsohuwa muna zaton halaliyarmu muke ci.

Ni da Yaya muka hau mota zuwa Abeshe, tafiyar yini guda cur har da dare. Muka durƙusa muka gaya mata abin da ya kawo mu, muka nemi gafara. Ta yi dariya ta ce: "'Ya'yan nan, ai na san da rabona, jira nake in ga ko za ku tuna." Muka ce ta faɗi kuɗin da take so. Ta ce ba ta son kuɗi. Abin da take so, a auna sulusinta a ware mata shi ta ɓangaren zaure da ɗakuna biyu na kusa da shi, ta mayar da su hubusi: zaure na baƙi da karatun yara, ɗakunan kuma na duk wata 'yar zuriyar Kaka da mutuwar miji ko mutuwar aure ta dawo da ita gida, ba a sayarwa, ba a bayar da haya. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Da wannan magana ta Gwaggo zancen rushe gida gaba ɗaya ya mutu, ƙanwata kuma ta sami wurin da ba mai iya tayar da ita.

Saura ƙaraminmu mai son kuɗinsa, kuma yana da gaskiya, domin ba a tilasta wa magaji ya bar haƙƙinsa a cikin ginin da ba ya amfana da shi. Malam ya bayyana mana hukuncin shuf'a, wato abokan tarayya a gida ko fili su ne suka fi cancanta da rabon da ɗayansu zai sayar, a kan farashin da bare zai biya. Muka kira dillalai biyu da ba su san juna ba suka yi wa gidan kuɗi, muka ɗauki tsakiya, mu uku maza da babbar yayarmu muka saye rabonsa, muna biya kashi-kashi har shekara biyu. Ya karɓa da daɗin rai, kuma har yau a gidan yake cin tuwon sallah. Sannan muka waiwayi takardu. Abin da muke da shi tsohuwar takarda ce da sunan Kaka, mai hatimin Fort-Lamy. Dokokin filaye na 22 ga Yuli 1967 sun ɗora tabbatar mallaka a kan rajista, wato takardar da ake kira titre foncier, don haka muka shigar da nema da sunayen magada duka, muka kuma nemi izinin gini kafin a fara aiki.

Da rani ya kama a farkon 2023 aka fara. Tsohon maginin nan ya kafa mana sharaɗi: ba za a sayi fenti ko tayil ba sai an gama da ruwa. Aka fara da ciko a tsakar gida har ta ɗara hanya tudu, aka karkata ta zuwa magudana guda da take fita ta gefen zaure zuwa kwatar hanya. Amma wani gyaran yana jan wani: da tsakar gida ta tashi sai ɗakuna suka zama ramuka, dole aka ɗaga daɓensu, da aka ɗaga daɓe sai ƙofofi suka gajarce, dole aka ɗaga kawunansu. Wanda bai lissafa wannan tun farko ba kuɗinsa za su yanke a tsakiya.

Daga nan aka ɓamɓare simintina gaba ɗaya, ina tsaye ina kallo. Bangunan da suka ruɓe har sama, guda uku, aka rushe su. Sauran, waɗanda gindinsu kaɗai ya ci, aka yi musu abin da magini ya kira sa takalmi: a fafe gindin bango tsawon mita ɗaya, a gina wurin da jan bulo ƙonanne, wanda ake ce wa diringel a nan, har ya haura ƙasa da kamu guda, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa domin ta tare laima, a bari ya kama, sannan a matsa gaba. Ba a fafe wurare biyu maƙwabtan juna a rana ɗaya. Saman bangon aka bar shi da ƙasarsa, aka yi masa yaɓe irin na da. Ɗakin Inna ma da ƙasa aka sake tayar da shi a kan takalmin jan bulo.

Yaya ya so a yi amfani da bulon siminti ko'ina, ni ma da farko haka na zata ya fi. Amma duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, ya san abin da ake ciki. Siririn bango yana ɗaukar zafi nan da nan ya zuba shi ciki, kakkauran bangon ƙasa kuwa yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa shi dare ya yi. Ɗan Yaya mai karatun zanen gine-gine shi ya nuna mana hotunan makarantar da Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, da bangon ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama domin iska ta ratsa, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 2004, mai shi kuma ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. Ya nuna mana na Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubalin ƙasa, aka gama a 2018. Yaya ya daɗe yana kallo, ya ce: "Ashe ƙasar ma Turawa kyauta suke ba ta." Muka yi koyi daidai ƙarfinmu: muka bar soron da azararsa, muka ɗora kwano a samansa a kan ƙarafa, da tazarar da iska za ta wuce, bakinsa kuma ya zarce bango domin ruwa ya zuba nesa da gindi. Kwano yana tare ruwa, soro yana tare zafi.

Salga da rijiya taku goma ne tsakaninsu, kuma ruwan ƙasa a unguwarmu ba shi da nisa. Shekaru muna fama da ciwon ciki a gidan muna cewa sanyi ne. Aka cike tsohuwar salga, aka gina rami mai ɗakuna da siminti, wanda mota take zuwa ta zuƙe, aka yi banɗaki biyu, ɗaya a ciki na mata, ɗaya kusa da zaure domin baƙo kada ya ratsa tsakar gida. Alƙibla a Njamena gabas ce maso arewa, sai muka juya mazaunan suka kalli kudu maso gabas, duk da cewa malamanmu na Malikiyya sun sassauta a cikin gini. An yi wa Inna mazauni mai tudu da ƙarfen dafawa saboda gwiwoyinta, da ɗan dakalin alwala. Rijiya kuwa aka rufe bakinta da murfi, ta zama ta wanki da ban ruwan shuka, sha da girki sai ruwan famfo da ake tarawa a tanki.

Madafa ta jawo 'yar gardama. Tun da aka hana gawayi a farkon 2009 gidaje da yawa suka koma gas, matan gidanmu ma haka, amma a cikin tsohuwar madafa marar taga suke ajiye tukunyar. Aka gina sabon kicin mai tagogi biyu masu fuskantar juna, aka yi wa tukunyar gas ɗan keji a waje inda iska take kaɗawa, aka ratsa da bututu. Inna ta ce ita tuwon taron suna ba ya yiwuwa a kan wannan abin wasan yara. Aka bar mata murhunta na duwatsu uku a ƙarƙashin rumfa, kuma ranar sunan jikanta mun ga amfaninsa. Wayoyin lantarki da aka yi ta ɗaurawa tun shekarun 1980 aka cire su duka aka sa sababbi cikin bututu, aka ɗora faifan hasken rana huɗu a kan rufi da batir, abin da zai riƙe fitilu da fanka da firji idan an ɗauke wuta. Na'urar sanyaya ɗaki ba mu sa ba, ɗakunan ba su nema ba.

Yaya bai tashi a banza ba. Gefen hanya da ba ya cikin hubusin Gwaggo aka fitar masa da shaguna biyu, da harsashi mai zurfi da ginshiƙan rodi saboda yumɓun ƙasar, aka ɗora ɗaki ɗaya a sama domin samarin gida. Hayar shagunan ita take biyan yaɓe da zuƙar rami da kuɗin ruwa. A nan ne kuma muka kusa yin kuskure na biyu. An riga an bar gurbin babbar taga ta yamma, sai na hau na leƙa, na hangi tsakar gidan maƙwabcinmu tar, har da matarsa tana tankaɗe. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zauren nan muna yara, ta hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, ko ƙofar da take kallon ƙofarsa. A Tunis ta ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba irin wannan rigima, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, kuma ma'aunin da malamai suka ambata shi ne a tsaya a kan gado: in ana hango cikin gidan maƙwabci, a toshe. Muka toshe ta, muka buɗe ƙananan tagogi can kusa da rufi, waɗanda suke fitar da zafi ba sa shigar da ido. Muka kira maƙwabcin ya hau da kansa ya duba. Ya sauko yana cewa: "Allah Ya biya ku, da na yi niyyar in yi shiru ne kawai saboda mahaifinku."

Ba zan ɓoye muku cewa an yi asara ba. Darbejiyar Kaka saiwoyinta sun shiga ƙarƙashin bango biyu, dole aka sare ta, Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa ranar. Mun dasa wata a tsakiyar fili, nesa da gini, amma ba za ta ba Inna inuwar da waccan ta ba ta ba. Kuɗin da muka ƙiyasta sun kusa ninkawa, yayarmu ta sayar da awarwaronta, ni na ci bashin da sai bara na gama biya. Ramukan harsashi na jikin zaure kuwa magini ya ɗauko ƙasa zai toshe, Yaya ya riƙe hannunsa ya ce a bar guda uku, domin yaran da aka haifa bayan 1980 su riƙa tambaya.

Damina ta 2024 ta zo da ƙarfi, kogi ya sake haura mita takwas, gidaje da yawa suka faɗi a ƙasar nan. A daren da aka yi ruwa mafi yawa na kasa barci a Digel, da asuba na hau babur na ratsa taɓo na iso. Na tarar da ruwa yana bin magudana yana fita, gindin bango a bushe, Inna tana zaune a kan buzunta tana lazimi. Ta ɗago ta ce: "Me ya fito da kai cikin ruwan nan? Koma ka kai yara makaranta."

Ya 'yan'uwa, wanda yake da tsohon gida irin namu, ina roƙonsa da abu huɗu. Ya fara da tantance masu haƙƙi, har da gwaggonni da 'ya'yan waɗanda suka rasu, a rubuta a sa hannu tun tsofaffin da suka san asali suna raye. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa bangonsa tun da rani, ya duba ko hanya ta fi tsakar gidansa tudu. Ya zauna da matan gida kafin ya kira magini, domin su ne suke yini a cikinsa, su suka san inda rana take faɗawa da inda hayaƙi yake taruwa. Sannan ya hau inda zai buɗe taga ya duba da idonsa abin da za a hango daga can. Zaurenmu yanzu yara goma sha biyu ne suke karatun allo a cikinsa tsakanin magariba da isha, a ƙarƙashin fitilar hasken rana, kuma yaɓen bana an sa shi Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, duk wanda yake kusa yana iya zuwa ya ga yadda ake yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana waɗannan gidaje, Ya ba Gwaggo ladan hubusinta, Ya tsare mu da cin haƙƙin 'yan'uwa da na maƙwabta, Ya sa gidajenmu su zama wuraren natsuwa da zumunci.